Kujerar 'Yan Asabar

Akwai wani labari da kuka taso kuna ji a gidan nan, har kuka mai da shi abin tsokana. In ɗayanku ya makara zuwa makaranta sai sauran su ce masa ya yi irin ta Baba Ɗahiru, wato mutumin da barci ya sa ya zubar da kujerar da malamai suka yi shekaru suna nema. Ni na shuka wannan labarin a tsakar gidan nan, ina zaune a kan tabarma ina ba ku kuna dariya. Ƙarya ne. Malam Ɗahiru bai makara ba ranar, kuma tun da ya riga mu gidan gaskiya babu wanda ya rage da zai gyara maganar sai ni da Innarku, ita kuwa ta ce ba aikinta ba ne.

Bari in fara da yadda muke a lokacin. Shekarun da soja suka miƙa mulki ne, ina koyar da lissafi a sakandare a nan Anka. Wata jami'a ta can birni ta buɗe cibiyar karatu a Gummi domin malaman firamare masu son ƙara ilimi ba tare da sun bar aikinsu ba. Karatun ranar Asabar ake yi da lokacin hutu. Malaman jami'ar na dindindin ba sa son hanyarmu, sai aka ɗauki irinmu, malaman sakandare na Anka da Bukkuyum da Gummi, mu riƙa koyarwa na wucin-gadi. A takarda haka ake kiranmu. A baki kuwa, daga Daraktan cibiyar har mai gadi, 'yan Asabar suke ce mana. Mu goma sha ɗaya ne, kuma kusan duk darasin da aka yi a wurin daga bakinmu ya fito.

Amma ba mu da ta cewa. Akwai kwamitin gudanarwa da ke zama sau uku a shekara, mutanen jami'a su zo da mota su shiga ofishin Darakta a rufe ƙofa. A can ake yanke wa zai koyar da me, yaushe za a yi jarrabawa, wane ɗalibi za a kora. Mu sai dai mu iske takarda an liƙa a jikin ƙofa da ƙullun fulawa. Haka wata Asabar na taso tun daga Anka a kan babur, na karanta a jikin ƙofar nan cewa darasin da na yi shekara huɗu ina koyarwa an ba wani, ba wanda ya ko yi mini sallama. Haka kuma suke aza jarrabawa a tsakiyar damina, lokacin da ɗalibanmu na Zugu da ƙauyukan bayanta ba sa iya haye rafi, a rubuta musu sun faɗi alhali ruwa ne ya tsare su. Wanda bai taɓa tura babur a laka ba shi ke zaɓar mana ranar.

Ni na fara rubuta wasiƙa. Ina so ku riƙe wannan, domin a nan cutar ta samo asali. Shekara uku ina buga wasiƙu a tafiretar makarantarmu bayan an tashi, ina bin 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya su sa hannu, wasu sai na kai musu har gona. Abu ɗaya muke nema, a ba mu kujera guda a kwamitin. Darakta ya taɓa ce mini a gaban ɗalibai, baƙon da ke zuwa sau ɗaya a mako ba ya tsara wa masu gida inda za su aza murhu. Na haɗiye, na koma na sake rubutawa. Daga ƙarshe amsa ta zo: an ba mu kujera ɗaya ta gwaji na shekara guda. Mu zaɓi mutum ɗaya, a rubuta sunansa, shi kaɗai zai shiga. In aka yi zama ko ɗaya kujerar tana wofi, an janye ta, domin hakan ya nuna ba ma buƙatarta.

Ranar da takardar ta zo ban tsaya ko'ina ba sai wurin tela. Na ɗinka babbar riga fara mai aiki a wuya, na kawo gida na ninke a akwati. Innarku tana kallona daga bakin murhu.

"Wagga riga ta angunci ta, ko sarauta anka ba ka ba mu ji ba?"

"Ke dai ki bari," na ce mata. "Akwai inda za ta."

"To Allah shi kai mu. Ni dai na san ba a aza maka tuwo ba tukuna, ka wanke hannu."

Yanzu sai in gaya muku wane ne Ɗahiru a wurina. Ɗalibina ne tun yana ɗan aji ɗaya, ɗan gidan makiyaya daga wata ruga a bayan Nasarawa Burkullu. Na girme shi da shekara goma sha wani abu. Ni na hana mahaifinsa cire shi daga makaranta, ni na cika masa fom na kwaleji, kuma da ya zama malami ni na kai sunansa cibiyar Gummi. Ba shi da babur. Kowace Asabar yakan tako da ƙafa daga gida zuwa bakin titi, ya tsaya a gindin wata tsamiya, in zo daga Anka in ɗauke shi. Mutum ne mai shiru, in ka ce masa abu sai ya ɗauke shi yadda ka faɗa, ba ya juya shi ya duba bayansa. Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini har ya bar duniya.

Ranar zaɓe muka taru a aji bayan azahar, sakataren cibiya yana zaune da fom da biro yana jira. Malam Garba na Zugu, wanda ya fi mu shekaru, ya miƙe ya ce ai ba sai an ɓata lokaci ba, kowa ya san wanda ya sha wahalar abin nan. Ya ambaci sunana. Kowa ya ce haka ne. To ku kun san yadda muke a ƙasar nan. Ba a miƙa wa dattijo girma ya yi caraf ya cafke kamar mai jin yunwa. Sai ka ture, ka ce ba ka isa ba, ka nuna wani. Shi wanda ka nuna ya rantse ya ce Allah ya kiyaye ya zauna ga babba a tsaye. A sake roƙonka, ka sake turewa, a karo na uku ka karɓa kana nuna kamar an ɗora maka kaya. Haka ake yi wa limanci, haka ake yi wa shugabancin kowace ƙungiya. Na gyara murya na yi nawa.

"Haba jama'a, ni mi nis sani? Na tsuhwa. Ga yara masu jini a jika, ga Ɗahiru nan, shi ya dace."

Na zauna ina jiran ya yi nasa. Har na shirya fuskar da zan yi in an dawo kaina. Ɗahiru ya sunkuyar da kai, sannan ya miƙe.

"Tunda Malam yac ce ni, ba ni iya musa mashi cikin mutane. Allah shi ba ni iko."

Na ga Malam Garba ya buɗe baki ya rufe. Kowa ya san abin da ya faru, amma wa zai tashi ya ce Malam ba da gaske yake ba? Ni kuma ta yaya zan janye maganar da na faɗa da bakina? Sakataren nan, wanda baƙo ne yana sauri ya kama mota, ya tambayi yadda ake rubuta sunan, ya rubuta, ya buga hatimi. Aka shafa fatiha. Na miƙa wa Ɗahiru hannu ina murmushi, na ɗauko shi a babur ɗina har gindin tsamiya.

Ban taɓa sanin ina da hassada ba sai shekarar. Da ina ganin ta ciwon wasu ce. Ta zo mini a ƙananan abubuwa. Mu shigo Gummi a kan babur, ni ke tuƙi, ni na sha iskar hanya, amma mai shayi da ɗalibai su ɗaga hannu ta saman kafaɗata suna cewa, "Wakili, an iso lafiya?" Ni na zama direban Wakili. Darakta ya sa kafinta ya yi sabuwar kujera mai hannu aka ƙara a ofis, nakan leƙa ta taga in gan ta. Ran zaman farko na zauna a benci a baranda tare da masu jiran takardu, ina jin muryarsa ta cikin taga yana karanta ƙorafinmu. Kalmomina ne, daga fayil ɗin da ni na ba shi. Na ji wani farfesa ya ce lallai wannan matashi ya iya tsara magana. Da suka fito Ɗahiru ya zo wurina da sauri, ya ciro biskit biyu da ya naɗe a takarda daga shayin da aka ba su, ya ce ya ajiye mini. Na karɓa na yi godiya. Da na dawo gida na jefa wa akuya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya iya aikin. Da ya yi shirme da na samu sauƙi. A zama na biyu ya sa an yarda ba za a ƙara karɓe darasi daga hannun malami ba sai an kira shi an gaya masa, abin da na yi shekara uku ina rubutawa ba a ko amsa mini ba. Ni da zafi nake magana, shi kuwa sai ya bari kowa ya gama, ya yi tambaya ɗaya a hankali, su kasa amsawa. 'Yan'uwanmu suka fara cewa ashe Malam ya yi hangen nesa da ya nuna shi. Kowane yabo irin wannan kamar a ɗiga mini ruwan barkono a ido ne, kuma dole in ce alhamdu lillahi. A gida na daina cin abinci da daɗi. In Innarku ta tambayi labarin Gummi sai in kawo aibin Ɗahiru: ya fara ɗaga kai, ya sayi sabuwar hula, ya daina durƙusawa sosai in zai gaishe ni.

"Hular nan tun bara nika ganin ta kansa," in ji ta. "Kai dai hwaɗi abin da ad damunka."

"Ba abin da ad damuna."

"Awo. Shi ya sa kullum sai ka buɗe akwati ka duba riga, kamar wani za ya sace ta."

Zama na uku shi ne na ƙarshen gwaji, a cikin watan da ruwa ya fi yawa. A ranar za a yanke ko kujerar ta zama ta dindindin, a kuma duba maganar ɗage jarrabawa daga damina. Ɗahiru ya yi makonni yana bin ɗaliban Zugu yana rubuta sunayen waɗanda rafi ya taɓa tsarewa. Asabar ɗin da ta gabata, da zan sauke shi, ya ce mini ƙarfe goma za a shiga, zai fito da wuri. Na ce Allah ya kai mu.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa ban shirya abin da na yi ba, shaiɗan ne ya zo mini a hanya. Amma rigar tana ba da shaida a kaina. Da safen nan bayan na karya, na buɗe akwati na sa ta. Innarku ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ba kai za ka shiga zaman ba, mi za ka yi da ita cikin wagga laka?"

"Rigata ce, in nis so in sa."

Ta ci gaba da shararta. An kwana ana ruwa, hanya ba motoci, sai jefi-jefi. Tun daga nesa na hango tsamiyar, na hango shi a tsaye, ya naɗe ƙafar wando, ya rungume fayil a cikin leda a ƙirjinsa. Ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Na kawar da kai wajen gonakin da ke ɗaya gefen, na ƙara wa babur wuta. Abin da na ƙulla a raina shi ne, in goma ta yi babu wakili, dole a nemi wanda ya fi sanin maganar, ga ni kuwa a baranda cikin shiri. Zan shiga in ceci kujerar, kowa ya ga wanda ya dace da ita tun farko. Na ma tsara abin da zan faɗa.

Goma ta yi, mutanen jami'a suka shiga. Sakatare ya leƙo ya kira sunan Ɗahiru sau biyu. Na miƙe na gyara riga na ce masa ga alama wakili ya samu uzuri, amma ni zan zauna a madadinsa. Ya shiga ya faɗa wa Darakta. Darakta bai ma fito ba, daga ciki ya amsa, kuma kowa a baranda ya ji.

"Sunan wa ke takarda? To shi muka sani. Wannan ba taron suna ba ne da kowa zai shigo."

Aka rufe ƙofa. Na koma benci na zauna cikin farar rigata, gefenta duk laka. Ta taga na ji an karanta sharaɗin, na ji an ce a rubuta kujerar tana wofi. Ba su yi minti biyar a kai ba. Maganar jarrabawa kuwa aka ce tunda wanda ya kawo ta bai zo ba, a bar ta yadda take. Kafin azahar na ga masinja ya fito da kujerar mai hannu a ka, ya kai ta ɗakin ajiya.

Ɗahiru ya iso bayan an tashi. Ya yi tafiyar ƙafa mai nisa kafin wata motar hatsi ta ɗauke shi, ita ma ta maƙale a hanya suka yi ta turi. Ya shigo jiƙe, laka har gwiwa, fayil ɗin kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. 'Yan'uwanmu suka yi masa ca. Malam Garba, wanda ɗalibansa na Zugu ne abin ya fi shafa, shi ya fara ɗaga murya.

"Shekara ukku muna wahala, kai ka kwanta barci! Ina kat tsaya?"

Wani ya juyo ya tambaye ni ko ban gan shi a hanya ba. Na ce na tsaya a gindin tsamiya na jira, ban ga kowa ba. Ɗahiru ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa haƙuri, laifinsa ne. Daga ranar sunan ya bi shi, ni kuma na kawo labarin gida na ƙara masa gishiri. Ba a sake ba 'yan Asabar kujera ba har aka rufe cibiyar. A daminar nan da ta bayanta ɗalibai da dama sun rasa jarrabawa saboda ruwa. Na san wata malama daga wajen Zugu da ta haƙura da karatun gaba ɗaya, ta yi ritaya a matakin da ta fara. Ina ganin ta a kasuwa wani lokaci, tana gaishe ni da girmamawa.

Asabar ɗin da ta biyo baya na so in ƙi zuwa, amma rashin zuwan zai tona ni. Ina tafe ina addu'ar kada in same shi. Yana nan a gindin tsamiya, ya ɗaga hannu. Na tsaya, ya gaishe ni, ya hau. Muka kama hanya har muka yi nisa. Ni ne na kasa daurewa, kuma ko a lokacin ba gafara na nema ba, laifi nake nema in ɗora masa. Na tambaye shi, ba tare da na waiwaya ba, me ya sa ranar zaɓe bai ture ba kamar yadda kowa ke yi.

"Malam, mu gidanmu in babba ya kira sunanka cikin taro, ba ka cewa a'a. Kunyata shi na. Kuma tun ina aji ɗaya ban taɓa jin kac ce abin da ba shi ag ga ranka ba. Na ɗauka da gaske kaka so in yi."

Can ya ƙara da cewa, a hankali, kusa da kunnena:

"Rannan na ga wucewarka. Rigar ta yi maka kyau."

Bai sake tayar da maganar ba, ba a ranar ba, ba a shekarun da suka biyo baya ba. Ya ci gaba da zuwa gidan nan da sallah, yana kawo muku nono da man shanu, kuna kewaye shi kuna ce masa Baba mai barci, yana dariya yana shafa kanku. Sau da yawa na yi niyyar in yi magana a gabansa da gabanku, sai in ce bari sai wani zuwan. Ranar da aka aiko cewa ya rasu ina gyaran wannan babur ɗin ne a ƙofar gida.

Rigar tana nan a ƙasan akwatina, ban sake sa ta ba, Innarku kuma ba ta taɓa wanke lakar ba, ni ma ban ce ta wanke ba. Na rubuta wannan ne domin ku karanta, sannan ɗayanku ya kai wa 'ya'yansa a Nasarawa Burkullu su ma su karanta. Daga yau kada in ƙara jin an ce wani ya yi irin ta Baba Ɗahiru a gidan nan. Tun kafin ƙarfe takwas yana gindin tsamiya, kuma na gan shi.